Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama: Kafin a Haɗe Arik da Aero, a Fara da Ɗakin Tuƙi

Zuwa ga Mai Girma Ministan Sufurin Jiragen Sama, Mista Festus Keyamo, tare da shugabannin hukumomin AMCON da NCAA. Daga Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar haɗe kamfanonin Arik Air da Aero Contractors su zama kamfani guda. Hukumar karɓo bashi ta AMCON ta karɓi ragamar Aero a 2016, ta karɓi ta Arik a watan Fabrairun 2017, duk saboda bashin da ya yi musu katutu, kuma a 2024 shugabanninta sun sake tayar da shawarar a dunƙule su a fitar da babban kamfanin ƙasa. Tun daga lokacin, muhawarar ba ta wuce bashi nawa, jirage nawa, wa zai saya, wane suna za a raɗa. Ba na adawa da haɗewar. Roƙona guda ne: duk ranar da aka tashi yin ta, ko tsakanin waɗannan biyu ko tsakanin wasu, kada hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta ba da lasisin zirga-zirga na bai ɗaya sai an gama abu uku, wato horo iri ɗaya ga dukkan matuƙa, jerin girma guda ɗaya da kowa ya san matsayinsa a ciki, da yarjejeniyar aiki guda da ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE ta sa wa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Kebbi da rigimar kamfanonin da hedikwatarsu ke Legas. Ruwanmu a bayyane yake. Daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa alhazanmu ke tashi, daga nan ne ma jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024, kuma sararin wannan yanki ba ya raga wa matuƙin da horonsa ya yi rauni: hazon hunturu yakan rufe titin sauka, hadarin farkon damina kuma yakan taso da iska mai juyawa ba sallama. Mun kuma san kuɗin da ake biya. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC mai lamba 53 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, ya faɗi jim kaɗan da barin ƙasa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu da rahama. Rahoton masu bincike bai tsaya ga laifin matuƙan da suka tashi cikin mummunan yanayi ba. Ya nuna cewa ba su bi matakan kuɓuta daga juyawar iska yadda ya kamata ba, cewa na'urar kwaikwayon tuƙin da aka yi musu bita a kanta ba ta dace da wannan darasi ba, cewa kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'idar aiki cikin irin wannan yanayi, kuma rabon aiki tsakanin mai riƙe da tuƙi da mai taya shi ya rikice. Iskar da ke bugun jirgi ta gaba takan koma ta baya cikin ƙiftawar ido, jirgin ya rasa abin da ke ɗauke da shi. Daƙiƙoƙi kaɗan matuƙi ke da su: ya tura wa injin wuta har ƙarshe, ya ɗaga hancin jirgi daidai gwargwado, ya bar tayoyi da fikafikai yadda suke, na gefensa kuma yana ƙwala masa tsayi da gudu. Babu lokacin tuna abin da aka karanta a littafi, sai abin da hannu ya saba.

To, haɗe kamfanoni wannan sabo yake fara taɓawa. Kowane kamfani da ƙa'idarsa: kalmomin da kyaftin da mataimakinsa ke furta wa juna a kowane mataki, wanda ke taɓa wane maɓalli, jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi da sauka, matakin da za a fasa sauka a sake kewayowa. Aero tun 1959 yake aiki, da tsofaffin samfurin Boeing 737 da jirage masu saukar ungulu da al'adar da ta yi shekara fiye da sittin tana kafuwa. Arik ya fara a 2006 da sababbin samfurin 737 da jiragen Bombardier. Ranar da aka zaunar da kyaftin ɗin wannan gida da mataimakin wancan a ɗaki guda, kowa gwani ne a tsarinsa, amma kunnen kowa na jiran kalmar da ɗan'uwansa bai saba furtawa ba. Haka ta faru a Amurka bayan haɗewar United da Continental a 2010. A 2011 ƙungiyar matuƙan United ta je kotu tana cewa kamfanin yana sauya ƙa'idojin ɗakin tuƙi cikin gaggawa, yana dogaro da darasin da mutum zai kalla a kwamfuta shi kaɗai maimakon a shigar da shi na'urar kwaikwayo ya gwada da hannunsa. Alƙali bai tsayar da shirin ba, kamfanin kuma ya ce ƙungiyar na fakewa da batun tsaro ne don ta ja ciniki kan albashi, tunda har lokacin ba a cimma yarjejeniyar bai ɗaya ba. Sai a ƙarshen 2012 aka cimma ta.

Wannan zargi na kamfanin ya cancanci a auna shi da gaskiya, domin shi ne babbar hujjar da za a kawo muku. Ƙungiyar ƙwadago ba waliyyiya ba ce, kuma babu makamin da ya kai "jirgin nan ba shi da aminci" kaifi a teburin ciniki. Amma ku dubi abin da wannan ke nufi. Muddin maganar albashi da matsayi tana rataye, duk ƙorafin da matuƙi ya yi kan horo za a ɗauke shi dabarar ciniki, na gaskiyar da na ƙaryar duka, sai na gaskiyar ya ɓace cikin hayaniya. Maganin shi ne a raba su tun farko. A rufe maganar kuɗi da matsayi kafin a haɗa ɗakunan tuƙi, a kuma cire horo daga abin da ake ciniki a kansa baki ɗaya, ya zama sharaɗin NCAA wanda kamfani ba zai rage ba, ƙungiya ma ba za ta sayar da shi don ƙarin alawus ba. Daga nan idan kyaftin ya ce bitar da aka yi masa ba ta ishe shi ba, babu mai cewa kuɗi yake nema.

Jerin girma kuwa, wanda bai san aikin ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Wannan jeri ne ke yanke wa matuƙi ranar da zai tashi daga kujerar dama ya koma ta hagu ya zama kyaftin, da jirgin da za a horar da shi a kai, da hanyar da zai riƙa bi, da kuma wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Rayuwarsa ta aiki kacokan tana rataye ga lamba ɗaya. Lokacin da US Airways da America West suka haɗe a 2005, an bar wannan magana sai daga baya. Mai sasanci George Nicolau ya fitar da jeri a 2007, matuƙan ɓangaren US Airways suka ƙi shi, suka fice daga ƙungiyarsu suka kafa wata a 2008, aka yi ta shari'a, kamfani ɗaya yana tafiya da rukunin matuƙa biyu da ba sa tuƙi tare har aka kai ga haɗewa da kamfanin American a 2013. A Indiya an haɗe Air India da Indian Airlines a 2007, amma bayan shekara biyar, a 2012, matuƙan tsohon Air India suka yi yajin aikin kusan wata biyu, kuma abin da ya kunna wutar shi ne wa za a tura horon sabon jirgin Boeing 787. Delta da Northwest sun bi ta ɗaya hanyar a 2008: sun ƙulla yarjejeniyar matuƙa kafin a kammala haɗewar, suka miƙa jerin girma ga masu sasanci aka yanke cikin shekarar, zuwa ƙarshen 2009 sun samu lasisi guda. Matuƙan Delta ba su fi na US Airways haƙuri ba. Abin da aka gabatar da abin da aka jinkirta ne ya bambanta su.

Hujja ta biyu da za ku ji ita ce ta aljihu. Za a ce AMCON hukumar karɓo bashi ce, aikinta ta dawo da kuɗin jama'a, kamfanonin nan kuma da kyar suke numfashi, Aero ma sai da ya dakatar da jigilar fasinja na wasu watanni a 2022, don haka ina za a samo kuɗin sake horar da kowa? Za a ƙara da cewa ai doka ta riga ta wajabta wa matuƙi komawa na'urar kwaikwayo duk wata shida. Gaskiya ne, amma wannan bita tana gwada mutum ne a kan ƙa'idar da ya riga ya sani, ba ta isa ta kankare sabon shekara ashirin ta dasa wani ba. Sannan galibin wannan horo a ƙasashen waje ake yin sa, da dala ake biya, ga tikiti ga masauki, shi ya sa kamfanin da ke cikin matsi yakan nemi mafi araha da mafi gajarta wanda zai cika takarda. Nan ne gwamnati ke da abin yi. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta mallaki na'urar kwaikwayon Boeing 737. A tabbatar tana aiki dare da rana, da cikakken izini da malamai, a biya da Naira, sai kuɗin horon ya sauko. Kuma duk mai son sayen kamfanin da aka haɗe zai fi ba da farashi mai kyau ga wanda rigimar matuƙansa ta mutu, a kan wanda zai gaji yajin aiki da shari'a. Ko ta lissafin AMCON, gaggawa asara ce.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin akanta, wato yarda. Matuƙan Nijeriya sun ga yadda aka rufe Nigeria Airways a 2003, suka ga dattawan da suka koya musu aiki suna zarya neman haƙƙinsu, har a 2018 gwamnati na sakin sama da Naira biliyan 22 don rage wannan bashi, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Sun ga yadda Air Nigeria ya rufe a 2012. Wanda ya ga haka ba zai karɓi "ku shigo tukuna, za a gyara daga baya" ba, kuma bai yi laifi ba. Gwanayen cikinsu ma ba za su tsaya jayayya ba, kamfanonin ƙasashen Larabawa da na maƙwabta na jiransu, sai a wayi gari an haɗe jirage amma kyaftin ɗin da za su koyar da na baya sun watse. Saboda haka a fara da lissafa bashin albashi, fansho da kuɗin sallama da ke kan kowane kamfani, a rubuta wanda zai biya da ranar biya.

Su ma shugabannin NAAPE da nasu nauyin. Mambobinsu na cikin gidajen biyu, kuma jarabawarsu ita ce kada su bari ɓangaren da ya fi yawa ya danne ɗaya. Su amince tun yanzu, a rubuce, cewa idan aka kasa daidaitawa kan jerin girma za a miƙa shi ga mai sasanci da kowa ya yarda da shi, hukuncinsa kuma ya hau kan kowa. Amurka sai da ta ga yadda aka tura yawancin matuƙan kamfanin TWA ƙasan jeri bayan American ya saye shi a 2001 kafin ta yi doka a 2007 mai tilasta adalci a irin wannan haɗi. Ma'aikatarku na iya sa makamancin wannan cikin ƙa'idojin NCAA ba tare da jiran a cuci kowa ba. A haɗa da hanyar da matuƙi zai kai rahoton raunin horo kai tsaye ga hukuma ba tare da sunansa ya koma teburin manajansa ba, a kuma hana haɗa matuƙan gidajen biyu a ɗakin tuƙi guda har sai sufetocin NCAA sun zauna bayansu a na'urar kwaikwayo sun ga yadda suke aiki tare cikin hazo da juyawar iska, sun sa hannu.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.