Saniya, Kaza da Ciyawa

A 1972 Lian-Hwang Chiu ya nuna wa yara hotunan saniya, kaza da ciyawa, ya ce su haɗa biyu. Yaran Amurka sun fi haɗa saniya da kaza. Yaran Sinawa suka zaɓi saniya da ciyawa. Har yau da irin wannan gwaji masana suke bambance mai tunanin rarrabewa da mai duban alaƙa.

Ma'aunin yana da rauni. Makiyayin Kabo zai iya zaɓar ciyawa don ita yake nema tun asuba, ɗansa kuwa an karantar da shi rukunin dabbobi a firamare. Alexander Luria ya ga yadda makaranta take sauya irin wannan amsa a Uzbekistan a 1931. Mai kai gwajin Gwarzo ya fara tambayar inda mutum ya yi karatu, boko ko allo, kafin ya ɗora wa al'adar Bahaushe sakamakon.