AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Ƴan'uwa na rassan jam'iyya, ku saurara. Yau maganarmu ta ƙasar Kwango ce, ƙasar Lumumba.

Ran 1 ga Yuni 2010, anka kira Floribert Chebeya zuwa babban biron ƴan sanda na Kinshasa, wai ya gana da shugabansu, Janar John Numbi. Chebeya shi ne shugaban ƙungiyar La Voix des Sans-Voix, watau muryar marasa murya. Tun zamanin Mobutu aikinsa ke nan: rubuta sunayen waɗanda anka kama ba bisa ƙa'ida ba, da bin sawunsu har gidan kaso. Ba shi da bindiga, sai takarda da alƙalami.

Ya amsa kira, direbansa Fidèle Bazana ya kai shi. Washegari anka iske gawar Chebeya cikin motarsa a bayan gari. Bazana kuwa, ko gawarsa ba a miƙa wa iyalinsa ba. Wannan ya faru saura ƙasa da wata guda ƙasar ta yi bikin shekara 50 da samun mulkin kai. Wane irin mulkin kai ne wannan, inda mutum zai shiga hannun masu tsaron rai ya fito gawa?

To, ina shari'a ta kwana? A 2011 kotun soja ta yanke wa Kanar Daniel Mukalay hukuncin kisa, tare da wasu ƴan sanda 3 da sunka gudu. A 2015 anka mayar da hukuncinsa ɗaurin shekara 15. Shi kuwa Numbi, wanda iyalan mamatan ke nuna wa yatsa, ya musanta, kuma shaida kawai anka kira shi ya bayar. An dakatar da shi daga aiki, amma a 2018 Shugaba Joseph Kabila ya ba shi babban muƙami cikin soja. A 2021 wasu tsofaffin ƴan sanda sunka faɗa wa rediyon RFI cewa da hannunsu cikin kisan. A shekarar nan Numbi ya bar ƙasar. A 2022 kotu ta hukunta wasu ƴan sanda 2, ba tare da babbansu ya tsaya gaban alƙali ba.

Shekara 12 ana shari'a, ana kama wutsiya ana barin kai! Ƙaramin ɗan sanda ba ya kashe sanannen mutum don raɗin kansa. Muddin mai ba da umurni ya san ba za a taɓa shi ba, gobe zai sake. Kuma in an rufe bakin mai kare haƙƙin jama'a, manomi da ɗan kasuwa da anka zalunta ba su da sauran wurin kai kuka.

Saboda haka mu dai mun tsaya a kan abu 3. Laifin ɗan sanda, kada ɗan sanda ya bincika shi. Wanda ya ba da umurni ya hau kujerar tuhuma tare da wanda ya aikata. Iyalin wanda anka kashe a ba su gawarsa, a gaya musu gaskiya.

Mu kuma ga namu aiki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda anka kira komisariya, kada ya tafi shi kaɗai. Magatakardan reshe ya rubuta rana da sa'a da sunan wanda ya yi kiran. Abin da anka rubuta ba ya ɓacewa.

A karanta wannan takarda a taron ranar kasuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.