Sharhi: Baje Kolin Zane-zanen Ɗalibai da Ƙofar da Kimiyya Ke Buɗewa

Tsakanin watannin Oktoba da Nuwamba na kowace shekara, harkar zane-zane da sassaƙa a Najeriya takan shiga kakarta. A Enugu ake kammala bikin LIMCAF, gasar da aka soma a 2007 domin matasan da shekarunsu ba su haura 35 ba, wadda kan fara da nune-nune a shiyyoyi kafin a tace ayyukan da za su kai zagayen ƙarshe. Shahararren mai sassaƙa El Anatsui, ɗan asalin Ghana da ya fara koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975, ya sha ɗaukar nauyin zakarun gasar zuwa babban baje kolin Dakar a Senegal. A Legas kuwa ana buɗe kasuwar ART X Lagos, wadda Tokini Peterside ta kafa a 2016, inda dillalai da masu saye daga ciki da wajen nahiyar ke haɗuwa.

Ɗalibin jami'a yana da gurbi a wannan kaka, amma hanyar isa gare shi ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. A galibin sassan koyar da zane, babban abin da ɗalibi ke jira shi ne baje kolin shekarar ƙarshe. Yakan shafe watanni yana aiki, ya sayi fenti da ƙyallen zane da tsadarsu ke bin farashin dala, a rataye aikin na 'yan kwanaki, malamai su ba da maki, 'yan uwa su ɗauki hoto. Daga nan sai a jingine shi a lungun ɗakin ajiya, ƙura da damina su ƙarasa shi. Masu saye da masu zaurukan baje koli sun fi yawa a Legas, sai Abuja, kuma kuɗin ɗaukar babban zane ko mutum-mutumi daga Maiduguri ko Zariya zuwa can ya isa ya sa matashi ya haƙura tun kafin ya cike takardar shiga gasa.

Abin lura shi ne, tarihin zanen zamani a ƙasar nan ɗalibai ne suka juya akalarsa. A 1958, wasu matasa da ke karatu a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Zariya, wadda ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane da daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Buƙatarsu ita ce a haɗa dabarun da Turawa ke koyarwa da salon zane na gida, maimakon kwaikwayo tsagwaronsa. Sunan kwalejin da kansa ya tara fasaha da kimiyya a inuwa guda, abin da jami'o'in yau suka raba da katanga: tsangayar kimiyya can, sashen zane can, ɗalibansu ba sa haɗuwa sai a layin abinci.

Wannan rabuwa asara ce ga ɓangarorin biyu, domin manyan ayyukan da ake alfahari da su a nan gida kimiyya na cikinsu dumu-dumu. Onobrakpeya ya gano salon buga zanen da ya yi suna da shi ne a 1967, bayan da ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfen da yake aiki a kai, ya cike ramukan da gam, ya ga sakamakon ya fi abin da ya nufa kyau. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, inda aka haɗa gwanintar Gwari da ilimin gasa yumɓu a wuta mai tsananin zafi da haɗa sinadaran ƙyalli daga toka da duwatsun yankin. Ko marinar Ƙofar Mata a Kano darasin sinadarai ce a buɗe: baba da toka na ruɓa a cikin karofi, a tsamo ƙyalle yana kore-kore, iska ta taɓa shi ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo.

A ƙasashen waje an daɗe da mayar da wannan alaƙa dama ga ɗalibai. Zane-zanen ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da likitan Sifaniya Santiago Ramón y Cajal ya yi da hannunsa, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, har yau ana koyarwa da su, ana kuma rataye su a gidajen tarihi. Jami'ar Princeton a Amurka ta fara baje kolin hotunan da ke fitowa daga ɗakunan bincikenta a 2005. Ƙungiyar masana ƙananan halittu ta Amurka kuma ta ƙaddamar a 2015 da gasar zane da ƙwayoyin bakteriya masu launi, inda ake shafa su a faranti kamar yadda ake shafa fenti, a jira kwana ɗaya ko biyu hoton ya tsiro. Hoton aikin kawai ake turawa ta intanet, ba sai an yi jigilar komai ba, kuma kayan aikin iri ɗaya ne da waɗanda ke ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'inmu. Sharaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne sa idon malami, tunda wasu ƙwayoyin na haddasa cuta.

Akwai wata fa'ida da ta shafi Arewa musamman. Iyaye da dama na ɗari-ɗari da karatun zane saboda batun surar abu mai rai, wasu kuma saboda ganin ba sana'ar da za ta riƙe gida ba ce. Siffofin gishiri ko ganyen zogale a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, da taswirar taurari, da zanen lissafi, duk sun fi kusa da zayyanar da alarammomi ke ƙawata Alƙur'ani da ita, da dagin da magina ke yi a fuskar soro, fiye da hoton mutum. Ta fuskar abin kai wa baka kuwa, littattafan likitanci da na aikin gona da saƙonnin wayar da kan jama'a kan rigakafi duk suna buƙatar mai zanen da ya fahimci abin da yake zanawa.

Hukumomin da alhakin ya rataya a wuyansu suna nan. An kafa Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa tun 1993, a 2023 kuma aka ware wa fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira ma'aikata ta musamman ƙarƙashin Hannatu Musa Musawa. Sai dai hankali ya fi karkata ga fina-finai da waƙa da manyan bukukuwa irin na Venice, inda Najeriya ta kafa rumfarta a 2017 da 2024. Waɗannan suna da amfaninsu, amma ba a can ake renon mai zane ba. Taron bita na lokacin hunturu da Onobrakpeya ya fara a Agbarha-Otor ta jihar Delta a 1998 ya nuna abin da mutum guda zai iya yi da ɗan abin hannunsa. Jami'ar da ke karɓar tallafin TETFund ba ta da hujjar kasa ware zaure guda da ƙaramin asusun jigilar ayyukan ɗalibanta zuwa gasa.

Wani abin da ake yawan tsallakewa shi ne mallakar aikin. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023 ta tanadi kariya ga mai zane, amma idan ɗalibin zane da na kimiyya suka haɗa hannu a kan hoton da ya fito daga binciken wani malami, da na'urar jami'a, wajibi ne a rubuta tun farko sunan wa zai hau kai, da yadda za a raba kuɗi idan an sayar. Duk jami'ar da ke son shirya irin wannan baje koli a zangon karatu mai zuwa, da wannan yarjejeniya ya kamata ta fara, kafin a buga katin gayyata.