Abin Da Saniya Ta Lasa, Shi Yaro Zai Sha

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Vom da sassafe zai gamu da mata ɗauke da ƙoren nono sun nufo gari. Nonon nan fari ne tas, ba wari ba gurɓi, mai saye kuwa iyakarsa ya ɗanɗana ya ji ko an tsuga masa ruwa. Amma farin nono ba ya ba da labarin abin da saniya ta ci jiya, kuma akwai gubar da harshe ba ya ji, ido ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta man inji, watau baƙin mai, da giris, da man gas, da man taransifoma, idan suka sami hanyar shiga abincin shanun tatsa.

Maganar ta shafi Jos fiye da garuruwa da yawa. Sanyin tsaunukan Filato da ƙarancin ƙudan tsando su suka jawo makiyaya da garkunansu tun farkon ƙarnin da ya wuce. A shekarar 1924 aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom don yaƙi da bushiya, wadda ita ce ta zama Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa. Tun kafin samun 'yancin kai ake sarrafa man shanu a Vom, yau kuma madarar gonakin wannan yanki takan kai har kantunan manyan birane. Ke nan abin da ya gurɓata a kwamin shanun Vom ba a Vom zai tsaya ba.

Da damina saniya takan ci ciyawar da ta tsinka da bakinta. Amma daga Nuwamba zuwa Afrilu, in daji ya bushe, mai son nono ba shi da zaɓi sai ya saya mata dusa, da angurya, da tunkuza, da harawa. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa sai ya ratsa hannun mai mai kafin ya iso bakinta. Injin niƙa ana shafa masa giris, in ya tsufa sai ya riƙa ɗiga cikin dusa. Motar da ta yi dakon jarkokin man gas jiya, ita ce za ta ɗauko buhunan angurya yau. Hatsi ana shanya shi a gefen kwalta inda manyan motoci ke tsiyayar da mai. Duron da aka zubar wa mai akan tsaga shi biyu a mai da shi mazubin abinci ko na ruwa. Daɗin daɗawa, saniya dabba ce mai son lashe-lashe. In ta tarar da tarakta a ajiye sai ta lashe giris ɗin jikinta.

Mai karatu zai iya cewa ai ɗigo ne kawai. To, ɗigon nan ya taɓa tagayyara makiyayan Amurka. A shekarun 1940 wata cuta ta ɓulla cikin shanunsu, aka rasa kanta har aka sa mata suna cutar X. Saniya takan fara da zubar hawaye da dalala, ta rame, fatar wuyanta ta yi kauri ta tattare, nono ya ƙafe, mai ciki ta yi ɓari. Dokta Peter Olafson na Jami'ar Cornell ya bayyana alamunta a 1947, amma sai a farkon shekarun 1950 aka gano tushenta. Ashe wani sinadari ne, ɗan'uwan kafur ɗin da ake sa wa tufafi, wanda aka haɗa shi da kulorin ake zubawa cikin man inji don ya ƙara masa ƙarko. Giris ɗin injin da ke dunƙula abincin shanu shi ke ɗiga ciki kaɗan-kaɗan. Har maruƙan da ba su ci abincin ba sun kamu, ta hanyar nonon iyayensu. Da aka daina sa sinadarin a mai, cutar ta kau.

Na ƙasar Beljiyam ya fi wannan muni. A watan Janairun 1999 man taransifoma mai ɗauke da sinadarin PCB ya shiga cikin tsohon kitsen da ake tarawa don haɗa abincin dabbobi. Kilo 50 ne kacal na sinadarin, bisa ƙiyasi, amma ya gauraye da kimanin tan 500 na abinci, aka rarraba wa gonaki. Kaji suka fara nunawa, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa. Jama'a ba su ji labari ba sai ƙarshen watan Mayu. Daga nan aka kwashe kaji da ƙwai daga kantuna, aka bi da nama da man shanu, ƙasashe suka rufe ƙofa ga kayan Beljiyam. Ministan lafiya da na aikin gona suka sauka, gwamnatin Firayim Minista Jean-Luc Dehaene kuma ta faɗi zaɓe a watan Yuni. Ɓoyon da aka yi ya fi gubar kanta fusata mutane.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani ga saniyar tatsa a fili yake. Mai ba ya narkewa a ruwa, a kitse yake narkewa. Irin waɗannan sinadarai sukan taru a kitsen jikinta, hanyar fitarsu mafi sauƙi kuwa ita ce maiƙon nono. Saboda haka man shanu ya fi kindirmo ɗaukarsu, kuma tafasawa, wadda ke kashe ƙwayoyin tarin fuka da na baƙƙale, ba ta yi wa PCB kome. Saniyar tana iya zama garas a ido alhali tana zubo gubar cikin ƙwarya. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne ƙananan yara da mata masu ciki.

Ba kowane mai ne dafinsa ɗaya ba. Farin man farafin da likitan dabbobi ke ɗura wa saniya in cikinta ya ɗaure tataccen magani ne. Baƙin man da aka juye daga mota kuwa cike yake da ƙurar ƙarafa da ƙonannun sinadarai masu jawo sankara. Duk da haka akwai makiyayan da ke shafa shi a jikin shanu don kaska da kirci, saboda ya fi magani araha. Saniya ta juya ta lashe, 'yar'uwarta ma ta lasa, in kuma ya kai kusa da hantsa sai hannun mai tatsa ya ɗauke shi. Man tsofaffin taransifoma ya fi duka sharri. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta wajabta kawar da PCB, amma ɓarayi na fasa taransifoma suna tsiyaye mansa. Man nan ba zubar da shi suke yi ba, sayarwa suke yi.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Makiyayi ya sansana dusa kafin ya biya, ya raba ma'ajin mai da ma'ajin abinci, ya daina ciyarwa a duron mai. Mai gona ya riƙa ɗiban ɗan samfur daga kowane lodi ya ajiye, ya rubuta inda ya sayo, domin ranar da shanu suka fara dalala a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mai inji ya toshe inda ke yoyo. Hukumar NAFDAC, da Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Nijeriya wadda dokar 2007 ta kafa, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024, su sauko daga manyan masana'antu zuwa ƙananan injinan unguwa, inda yawancin makiyaya ke sayen dusa.

Sai dai akwai magana guda da ba a cika son faɗa ba. Matar da nonon saniya uku ke ciyar da gidanta ba za ta kifar da ƙwarya ba don jami'i ya ce yana zargi. In ana so ta kai ƙara da wuri, tilas ta san cewa za a rage mata hasara, ba kama ta za a yi ba. In ba haka ba, ɓoyewa za ta yi, kamar yadda manyan Beljiyam suka yi.

Jihar da ke da Vom ba ta da hujjar jiran sai maruƙa sun fara mutuwa kafin ta fara gwajin abincin shanu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Allah ya kiyashe mu da dukiyarmu, amin.