Garantin Da Ke Tsayawa A Kaduna, Ba Ya Isa Gayam

Duk wanda ya taɓa sayen linzamin kwamfuta, watau ɗan abin nan da ake dafawa da tafin hannu ana jan kibiya da shi a fuskar na'ura, wanda 'yan kasuwa ke kira maus, zai tuna cewa a jikin kwalinsa akan ga rubutu mai cewa kamfanin da ya ƙera shi ya ba da garantin shekara guda, wani ma biyu ko uku. Ma'anar wannan rubutu ita ce idan abin ya lalace cikin wa'adin ba da laifin mai shi ba, kamfani zai gyara ko ya musanya masa da sabo. Magana ce mai daɗin ji ƙwarai. To, amma mutumin Gayam ta ƙaramar hukumar Birnin Gwari, idan nasa ya mutu bayan mako uku da saye, wurin wa zai kai kuka?

Wataƙila wani ya ce ina ruwan jarida da abin da bai kai kuɗin kaza ba, a ƙasar da mutane suka shafe shekaru suna kwana da fargabar 'yan bindiga. Lalle akwai manyan matsaloli, kuma babu mai musun haka. Sai dai ya kamata a tuna cewa tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, har ta kai a 2017 hukumar ta fito da tsarin maɓallai takwas domin yaran da hannunsu bai saba da linzami ba. Hukumar WAEC ma ta fara gwada nata tsarin na kwamfuta a 2024 ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Neman gurbin karatu, da neman aikin soja ko ɗan sanda, da duba sakamako, duk sun koma ta intanet. Saboda haka ɗan ƙaramin shagon da ke da kwamfuta biyu ko uku da janareta, shi ne ƙofar da ɗan talaka ke bi ya shiga waɗannan al'amura, kuma idan linzami ya tsaya, rabin aikin shagon ya tsaya.

A ɗauki misalin saurayin da ya haɗa kuɗin masara da na ɗan akuyarsa ya sayi kwamfutar gwanjo domin ya riƙa cika wa mutane takardu yana koya wa yara. Ya je Kaduna ya sayo linzami sabo fil a kwali. Bayan 'yan makonni sai ya ga idan ya danna sau ɗaya na'ura ta ɗauka sau biyu ya danna, ko kuwa kibiyar ta riƙa ɓacewa sai ya murɗa wayar. Wannan ba aikin iska ba ne. A ƙarƙashin kowane maɓallin linzami akwai wani ɗan makunni mai siririn ƙarfe da ke lanƙwasawa ya koma duk lokacin da aka danna. Idan ƙarfen ba mai kyau ba ne, ko ƙura ta shiga, musamman ta hunturu, sai ya daina haɗuwa daidai. Ita kuwa wayar, yawanci a daidai inda ta shiga jikin linzamin take karyewa daga ciki, domin nan ne take shan lanƙwasa. Linzamin kirki yakan yi shekaru kafin ya kai ga haka. Wanda ya kai ga haka cikin wata guda, da aibinsa ya baro masana'anta, kuma irin wannan aibi shi ne ainihin abin da aka yi garanti dominsa.

Sai a duba sharuɗɗan. Manyan kamfanoni irin su Logitech, wanda aka kafa a ƙasar Suwizalan a 1981, suna ba da garanti na gaskiya, kuma a ƙasashen da suke da wakilai suna cikawa. Amma bisa ƙa'ida garantin na wanda ya fara saye ne, ba ya bin kayan zuwa hannu na biyu, watau duk kayan gwanjo sun fita ke nan. Sa'an nan sai an nuna rasiɗi mai kwanan wata. Sai kuma lambar da ke jikin kayan ta tabbata ta kamfanin ce. Ba ya ɗaukar abin da ya faɗi ya fashe, ko ruwa ya shiga, ko mai shi ya kwance da kansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da za a kira zalunci. Abin lura dai shi ne an tsara su ne domin mutumin da ke saye a babban kanti, yana da intanet a gida da gidan waya a kusa. A ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ce ta wajabta wa mai sayarwa ɗaukar alhakin kaya har shekara biyu, ko kamfani ya rubuta ko bai rubuta ba.

Shi kuwa saurayin Gayam, da wuya a ce an ba shi rasiɗi. Idan ma an ba shi, guntuwar takarda ce da ba ta ɗauke da lambar kayan, a ƙasanta kuma an buga cewa abin da aka saya ba a mayarwa. Mai shagon ya gwada a gabansa, fitila ta kama, shi ke nan ciniki ya faɗa. Sa'an nan ga tafiya. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna akwai nisan kimanin kilomita 120, a kan hanyar da ta ratsa Buruku da Udawa, wadda shekaru da dama direbobi ba sa bin ta sai da shahada ko da rakiyar jami'an tsaro. A ƙarshen 2021 ma gwamnatin jiha ta sa an rufe layukan waya na wani lokaci a yankin saboda yaƙi da 'yan bindiga, ta yadda ko kiran mai shago ba ya yiwuwa. Alhamdu lillahi al'amura sun yi sauƙi tun bayan sulhun da ya sa Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin motar zuwa da komowa sau da yawa ya fi kuɗin linzamin kansa. Wane mai hankali ne zai kashe kuɗin linzami biyu domin ya karɓo ɗaya, alhali bai ma tabbata za a saurare shi ba?

A nan ne illar take, kuma ta wuce asarar mutum ɗaya. Tun da an san ba mai mayarwa, sai ya zama babu abin da zai hana a turo wa ƙauye mafi lalacewar kaya. Mai shigo da kaya daga waje ya san abin da zai ajiye wa kamfanoni da ma'aikatun Legas da Abuja, waɗanda za su dawo masa da shi idan ya ƙi aiki, ya kuma san abin da zai zuba wa 'yan sari masu wucewa da shi Kano da Kaduna, daga nan ya gangara kasuwannin mako. Da yawa daga cikin waɗannan kaya suna ɗauke da sunan manyan kamfanoni alhali jabu ne, har da rubutun garantin da ke jikin kwalin. Wanda ya yi sa'ar isa ga kamfanin na gaskiya sai a duba lamba a ce masa ba su san da wannan kaya ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON, tana nan tun 1971, kuma tun 2005 take da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su kafin su baro ƙasar da aka ƙera su. Mai karatu ya shiga kowace kasuwar kayan wuta ya duba da idonsa ko tantancewar tana tsare abin da aka ce ta tsare.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da su kansu 'yan kasuwar, shi ne dokar ƙasar nan ba ta bar mai saye yana jiran kamfanin da ke ƙetaren teku ba. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja a 1992. Sashe na 132 na wannan doka ya ba mai saye ikon mayar da kaya mai aibi ga wanda ya sayar masa cikin wata uku, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa, wanda zai gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Dokar ta kuma hana a sa wa mai saye sharaɗin da zai tube masa wannan haƙƙi. Watau rubutun nan na ba a mayarwa da ke ƙasan rasiɗi, idan kayan mai aibi ne, tawada ce kawai aka ɓata.

Kuma kada wani ya ce wannan baƙuwar al'ada ce ta Turawa. Littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Muhtasar, waɗanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun yi bayani filla-filla kan mai sayen da ya gano tsohon aibi a abin da ya saya, da ikon da yake da shi na mayarwa. Kowane dillalin shanu a kasuwar kara ya san abin da ke biyo baya idan aka sayar wa mutum sa mai ɓoyayyar cuta, ya san kuma akwai sarkin kasuwa da dattawan da za a kai wa magana. Abin mamaki ne a ce an san wannan ƙa'ida a kan saniya da buhun hatsi, amma da zarar kaya ya zo cikin kwali da rubutun Turanci sai kowa ya ɗauka sa'a ce, wanda nasa ya yi aiki ya gode Allah, wanda nasa ya mutu ya yi haƙuri.

Adalci ne kuma a ji ta bakin ƙaramin ɗan kasuwa. Shi ma a haka ya saro, ba rasiɗi ba alkawari, kuma ribarsa a kan linzami guda ba ta taka kara ta karya ba. Idan aka tilasta masa ya musanya alhali babban dilan da ke sama da shi ba ya karɓa, an ɗora masa kayan da ba nasa ba ke nan. Saboda haka gyaran ba zai yiwu ba sai ya bi jerin tun daga sama, mai shagon ƙauye ya mayar wa dilan Kaduna ko Kano, dila ya mayar wa wanda ya shigo da kayan, domin shi ne ya zaɓi abin da ya cika kwantena da shi. Ranar da katan-katan na matattun linzamai suka fara komawa gare shi, ranar zai fara tambayar masana'anta irin makunnin da take sawa a ciki. Masu saye su ma da nasu laifin. Araha ba ta ado, kuma wanda aka ajiye masa linzami biyu masu suna ɗaya, guda a kan rabin kuɗin ɗayan, ya zaɓi mai arahar bai tambayi dalili ba, ya san irin rariyar da ya saya.

Ba abu ne da ya gagara ba, domin an ga misalinsa a kan wayar hannu. Kamfanin da ke yin wayoyin Tecno da Infinix da itel ya buɗe cibiyoyin gyara masu suna Carlcare a manyan garuruwan ƙasar nan, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa talaka ya amince da wayoyinsa. Ba za a buɗe cibiya domin linzami ba, amma ba a bukatar haka. Abin da ake bukata shi ne ƙungiyoyin masu sayar da kayan kwamfuta na Kaduna da Kano su amince a tsakaninsu cewa kowane kaya sabo zai fita da rasiɗi mai kwanan wata da lambar kayan da lambar wayar shago, kuma za a karɓi abin da ya lalace ta hannun direban tasha ba sai mai shi ya zo da ƙafarsa ba. Da ma ta hannun direbobin nan ake aika saƙon kuɗi da magani da takardu kullum.

Ita kuwa hukumar FCCPC, hanyar kai mata ƙara mafi sauƙi ta intanet ce da Turanci, abin da ya yi wa mutumin Gayam nisa kamar kamfanin Suwizalan. Ya kamata ta yi amfani da gidajen rediyon Kaduna ta bayyana wa jama'a da Hausa maganar wata ukun nan, domin rediyo tana isa inda jami'inta ba ya isa. Jihar Kano tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye da ke shiga kasuwanni, kuma babu abin da zai hana majalisar ƙaramar hukumar Birnin Gwari ta ware jami'i guda da teburi guda a sakatariya, wanda zai karɓi irin waɗannan koke-koke ya tattara su ya miƙa gaba. Makarantun gwamnati da ake kai wa kwamfutoci ta hannun 'yan kwangila su ma ya kamata shugabanninsu su ƙi sa hannu a takardar karɓar kaya sai an haɗa musu da takardar garanti da sunan wanda za a nema idan abu ya lalace, a kuma ajiye kwalayen a ofis har wa'adin ya cika.