Salansar Motarka, Huhun Jama'a

Duk mai bin manyan titunan Kano ko Kaduna ko Abuja da almuru ya san rugugin nan da kan taso daga nesa kamar hadari ya gangamo, kafin ya waiwaya wata gajeriyar mota mai ƙofa biyu ta wuce fyu, ta bar shi da toshewar kunne. Masu irin waɗannan motoci na tsere, da ɗimbin samarin da ke sha'awarsu amma ba su da halin saye, suna da wata magana da ba sa gajiya da ita, watau sauya salansa. Abin nufi shi ne a cire matacin hayaƙin da masana'anta ta sa wa motar, a maye gurbinsa da wani mai faɗin ido wanda hayaƙi zai ratsa da sauri, don inji ya ƙara ƙarfi, muryarsa kuma ta ƙara kauri. Wani zai ce ina ruwan mujallar ɗalibai da wasan 'ya'yan masu hannu da shuni? Lalle kuwa muna da ruwa da tsaki a ciki, domin abin da ya fito daga salansa ba ya komawa cikin mota. Mu da ke tafe a ƙasa, ko muke cunkushe a cikin a-daidaita-sahu, mu ke shaƙarsa.

Ya kamata mu fara sanin abin da ake magana a kansa. Matacin hayaƙi wata 'yar tukunya ce ta ƙarfe da ke tsakanin inji da bakin salansa. A cikinta akwai wani curi na tangaran mai dubban ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, an shafe bangon kowace ƙofa da ƙurar ƙarafa uku masu tsada, watau filatinam da faladiyam da rodiyam. Ko da yake muna ce masa mataci, ba ya tare komai kamar yadda rariya ke tare tsaki; sauya hayaƙin yake yi. Idan ya ɗauki zafi, daga kamar digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, sai ƙarafan nan su juya gubobi uku da inji ke fitarwa zuwa abin da cutarwarsa ta ragu ƙwarai. Ta farko ita ce kabon monoksaid, iskar nan marar launi marar wari da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Ta biyu fetur ne wanda bai gama ƙonewa ba. Ta uku kuwa sinadaran naitirojin ne masu ƙona huhu, masu tayar wa mai asma da ciwonsa. Mataci mai lafiya, a mota mai lafiya, yana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan.

Ba don ado aka ƙirƙiro shi ba. Wani injiniya haifaffen Faransa, Eugène Houdry, shi ya fara ƙera irinsa a Amurka cikin shekarun 1950, bayan da hazon hayaƙin motoci ya addabi birnin Los Anjalas. Dokar tsabtace iska da Amurka ta yi a 1970 ita ta tilasta wa masana'antu, har daga 1975 yawancin sababbin motocin ƙasar suka fara fitowa da shi, a shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa mana 504. Amma abin yana da babban maƙiyi, watau dalmar da ake zuba wa fetur a wancan zamani, wadda ke lulluɓe ƙarafan ta kashe su. Saboda haka sai da aka raba fetur da dalma. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun kammala wannan aiki a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

To, mene ne ƙorafin masu motocin tsere? Sun ce matacin masana'anta yana shaƙe inji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Inji kamar ɗan kokawa yake, ƙarfinsa yana tare da numfashinsa, in hayaƙi bai fita da sauri ba sabuwar iska ba ta samun wurin shiga. Matacin masana'anta yakan ƙunshi ƙofofi 400 zuwa 600 a kowane murabba'in inci ɗaya, mai faɗin ido kuwa daga 100 zuwa 300, galibi kuma da siririn ƙarfe ake yin cikinsa maimakon tangaran. Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Da ƙofofi suka ragu, bangon da hayaƙi zai goga ya ragu, lokacin da zai yi a ciki ma ya ragu, sai guba ta sami hanyar sulalewa. Ƙarfin da ake samu kuwa, a motar da ba a taɓa injinta ba, bai wuce na dawaki ƙalilan ba, wanda direba ba zai ji shi a kan titin gari ba. Sai injin da aka riga aka ƙara wa ƙarfi, musamman mai tabo, shi ke cin moriyar sauyin sosai. Gaskiyar magana, yawancin masu yi ƙara suke saye.

A ƙasashen da wannan wasa ya samo asali ba a bar shi sakaka ba. Dokar Amurka ta haramta cire mataci daga motar da ke bin titin jama'a, jihar Kalifoniya kuma ba ta yarda a ɗaura wani ba sai wanda hukumarta ta iska ta gwada ta amince da shi. A Ingila motar da ta kai shekara uku sai an auna hayaƙinta kowace shekara. Watau shi kansa mataci mai faɗin ido sulhu ne tsakanin son gudu da tsoron hukuma: mai mota ya sami ɗan abin da yake so, jama'a kuma ba a bar su da gubar duka ba.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu, domin abin da muke yi ya fi nasu muni nesa ba kusa ba. Mu ba ma sauyawa, fasawa muke yi. Kanikawa sun raɗa wa curin nan suna indomi, saboda kamarsa da taliyar, kuma yana da kasuwa. Sau da yawa akan ce wa mai mota indominsa ya toshe, shi ke sa ta shan mai, a zazzage shi a bar masa tukunya fanko, ya biya kuɗin aiki har da godiya, alhali kuwa abin da aka cire ya fi kuɗin aikin daraja sau da yawa. A watan Maris na 2021 farashin rodiyam ya haura dala 29,000 kowane oza, ya ninka na zinariya fiye da sau goma. Wata motar kuwa tun kafin ta bar tashar jirgin ruwa a Turai, ko ta tsallako daga Kwatano, an riga an yashe ta. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 nasu Afirka suka zo.

Abin takaicin ma shi ne ƙarafan nan yawancinsu daga nahiyarmu suke. Afirka ta Kudu ke haƙo kimanin kashi 70 cikin 100 na filatinam ɗin duniya, da mafi yawan rodiyam. A mahaƙar filatinam ta Marikana ne 'yan sanda suka harbe ma'aikata 34 masu yajin aiki ran 16 ga Agusta 2012. Ɗan Afirka ya haƙo da guminsa da jininsa, Bature ya tsabtace iskarsa da shi shekara goma sha biyar, motar ta tsufa aka turo mana, mu kuma da hannunmu muka ɓalle shi muka sayar aka mayar waje a narkar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ne mataci yakan toshe, amma ba haka kawai yake toshewa ba. Injin da ke shan baƙin mai, ko fulogin da ba ya kawo wuta daidai, ko fetur mai yawan farar wuta, su ke kashe shi. Wanda ya fasa mataci bai gyara waɗannan ba, ya jefar da ma'aunin zafi ne ya bar zazzaɓi. Mataci mai lafiya kuwa cire shi ba ya rage shan mai. Abin da ke biyo baya shi ne fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, a liƙe ta da salatif, a ci gaba da tafiya.

Bisa ga haka muna kira ga masu karatunmu. Ku samarin ma'aikata da ke tara albashi don sayen motar farko, ku sa a ɗaga ta a duba tukunyar kafin ku biya, kuma in an kai ta gareji kada ku yarda a taɓa wurin ba ku nan. Wanda matacinsa ya mutu da gaske, na masana'anta kuma ya fi ƙarfin aljihunsa, ya sa ko da mai faɗin ido ne mai inganci, domin da babu gara ba daɗi. Ku masu motocin tsere, wanda ya iya sayen motar miliyoyi ba zai kasa sayen mataci na ƙwarai ba. In gudu yake so ya nemi filin tsere, titin asibiti da na makaranta ba nasa ne shi kaɗai ba. Ku kuma da ke ma'aikatun sufuri da na muhalli, ƙasashen ECOWAS sun amince tun 2020 cewa kada farar wuta ta wuce kashi 50 cikin miliyan a man da ake shigowa da shi, motocin da ake shigowa da su kuma su cika ƙa'idar hayaƙi ta Yuro 4. Takarda ba ta auna hayaƙi. A ba jami'an duba motoci na'urar awo, a sa awon ya zama sharaɗin sabunta takardu, a kuma bi sawun masu cinikin indomi. Sassan injiniya na jami'o'inmu suna iya fara awon a ƙofar makaranta, su buga sakamakon kowa ya gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Mai motar yana ciki ya rufe gilashi ya kunna sanyi. Mai tallan ruwa a tsakiyar titi, da ɗan sandan da ke ba da hannu, da jaririn da aka goya a bakin hanya, tsayinsu ɗaya da bakin salansa, kuma ba wanda ya nemi izininsu.