Don ta gane mafarki take, shi ne aka ce aljani?

1/ Na je gida Ajingi hutun nan, na tarar an yi wa 'yar kawuna ruƙiyya har sau uku. Laifinta? Ta faɗa wa Inna cewa wani sa'in tana cikin mafarki sai ta gane mafarki take, har in ana bin ta a guje ta kan tsaya ta juya abin. Shi ke nan fa. Aka ce namijin dare ne.

2/ Akuyar uwarta aka sayar aka biya mai magani. Hayaƙi, rubutu, ihu a kunne. Yarinyar da ke barcinta lafiya lau yanzu tsoron kwanciya take. Kuma magana ta riga ta kai gidan su saurayinta, kun dai san ƙauye.

3/ Jama'a, abin nan sananne ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya sa masa suna tun 1913. A 1975 Keith Hearne ya gwada a Jami'ar Hull ta Ingila: mutum yana barci, na'ura na nuna barci yake, ya motsa ido hagu da dama kamar yadda suka yi alkawari kafin ya kwanta.

4/ A 2021 masu bincike a Amurka, Faransa, Jamus da Holan suka yi wa masu barci tambayar lissafi. Aka ce takwas a cire shida, wani ya amsa biyu da motsin ido, yana tsakiyar mafarki. To shi ma namijin daren ne ya koya masa lissafi?

5/ Haka dannau. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan kulle gaɓoɓi don kar ka tashi ka aikata abin da kake gani. In ka farka kafin ta saki, sai ka ji an danne ka. Ni ma ya sha kama ni lokacin jarrabawa, in na kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

6/ Kar wani ya zo min da "ɗan boko ya ƙaryata aljanu". Ban ƙaryata ba. Amma hadisi ya kasa mafarki uku: na Allah, na Shaiɗan, da zancen zuci. Me ya sa kullum na ukun ake tsallakewa? Don ba a karɓar kuɗi a kansa.

7/ Ku ma 'yan TikTok masu cewa a tashi ƙarfe uku na dare don a koyi sarrafa mafarki, ban bar ku ba. Ko waɗanda suka ƙware ba kullum suke iya juya shi ba, barci kawai kuke kashe wa yara.

8/ Na zauna da Kawu na yi masa bayani. Ya saurara, sannan ya ce mai maganin ya ce saura zama ɗaya, ranar Alhamis. Ni kuma Laraba zan koma makaranta.